Jagora: Yadda Ake Gyara Magudanar Maɗaciya Da Na'urar Leƙa Ciki Bayan Dashen Hanta

Tambaya guda ce ke ta dawowa daga iyalan waɗanda aka yi wa dashen hanta a Indiya ko Masar, da kuma daga ma'aikatan jinya da ke karɓarsu bayan sun dawo gida: mutum ya samu sauƙi, ya soma harkokinsa, sai bayan wata huɗu ko shida idanunsa suka koma rawaya, likita kuma ya ce a je a yi ERCP. Mene ne wannan aiki, yaya ake yinsa, sau nawa, kuma me ya kamata a shirya?

Ga abin da ake gyarawa a taƙaice. Hanta tana fitar da ruwan maɗaciya kimanin rabin lita zuwa lita guda a kowace rana, yana gangarowa ta wata siririyar magudana zuwa farkon ƙaramin hanji. A wajen dashe ana cire jakar maɗaciyar gaba ɗaya, sannan a ɗinke magudanar sabuwar hanta da ta mai karɓa. Wannan ɗinki shi ne wurin da ya fi ko'ina rauni a aikin dashe, domin tsakanin mutum 10 zuwa 30 cikin 100 sukan gamu da matsala a magudanar, ko dai ta tsuke, ko ta yi yoyo, ko laka da tsakuwa su cushe ta. Mafi yawansu ana warware musu ita ba tare da an sake buɗe ciki ba, ta hanyar zura na'ura ta baki, aikin da ake kira ERCP. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, wannan magani ba na zama ɗaya ba ne, shiri ne da yakan ɗauki shekara, kuma bin matakansa bi da bi shi ke tsare hantar.

Mataki na 1: Gane alamun da wuri

Alamun su ne shawara a ido, fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, bayan gida mai haske kamar farar ƙasa, ƙaiƙayin jiki musamman da dare, da zazzaɓi mai rawar ɗari. Sau da yawa ma babu ko ɗaya daga cikinsu, gwajin jini na wata-wata ne kawai zai nuna cewa ma'aunan aikin hanta, wato bilirubin da ALP da GGT, suna hawa.

Gargaɗi: kada a jira ciwon ciki. Hantar da aka dasa an yanke jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga gare ta, magungunan danne garkuwar jiki kuma suna iya ɓoye zazzaɓi, don haka mutum zai iya kasancewa cikin haɗari yana zaune yana hira. A ƙasarmu akwai wani tarko na daban, wato a ga zazzaɓi da rawayar ido a ce maleriya ce ko taifot, a sha magani mako biyu, sannan a koma ga jiƙe-jiƙen shawara. A yi gwajin maleriya, babu laifi, amma a ranar a yi gwajin hanta, a kuma aika sakamakon ga asibitin da ya yi dashen. Zazzaɓi tare da shawara ga mai dashen hanta lamari ne na kwanciya asibiti a wannan rana, ba gobe ba. Maganin gargajiya kuwa a nisance shi baki ɗaya, domin ba ya buɗe magudanar da ta tsuke, kuma yana iya rikita ma'aunin takrolimus a jini, wato maganin danne garkuwar jiki da mai dashe ke sha.

Mataki na 2: A fito da takardar aikin dashe

Kafin likitan da zai yi aikin ya taɓa na'ura, yana bukatar amsar tambayoyi huɗu, kuma dukkansu suna cikin rahoton tiyatar da aka ba mara lafiya ranar sallama. Hantar cikakkiya ce daga mamaci, ko ɓangare ne daga mai rai? An haɗa magudana da magudana ne, ko an haɗa magudanar sabuwar hanta da hanji kai tsaye, abin da likitoci ke kira Roux-en-Y? Bakin magudana nawa aka ɗinke? An bar wani ɗan bututu a ciki lokacin tiyatar?

Amsoshin suna sauya komai. Wanda aka haɗa masa magudana da magudana, na'urar ERCP ta yau da kullum za ta isa wurin. Wanda aka yi wa Roux-en-Y, hanyar ta yi nisa ƙwarai, sai da doguwar na'urar hanji mai balan-balan, ko kuma a bi ta fata. Mafi yawan mutanenmu da suka je waje ɗan'uwa ne ya ba su ɓangaren hantarsa, kuma irin wannan dashe ya fi yawan matsalar magudana, domin magudanan ɓangaren hanta sirara ne, wani lokaci baki biyu ne ko uku, kuma yayin da hantar ke girma a watannin farko mahaɗin yakan lanƙwashe. Wanda ya je wurin likita ba tare da wannan takarda ba ya tilasta masa yin lalube cikin duhu. A ɗauki hotonta a waya, a kuma ajiye kwafi wurin wani ɗan'uwa.

Mataki na 3: Gwaji bisa tsari, jijiyar jini tukuna

Bayan gwajin jini, wanda ya haɗa da aikin hanta, aikin ƙoda, adadin filatilet da INR masu nuna yadda jini ke daskarewa, da ma'aunin takrolimus, abu na farko shi ne sikanin na Dofla domin a duba jijiyar da ke kai wa hanta jini daga zuciya. Dalilin da ya sa wannan ke gaba da komai shi ne, naman hanta yana shan jini ta hanyoyi biyu, amma magudanar maɗaciya ta sabuwar hanta ta dogara ne kacokan ga wannan jijiya guda. Idan ta toshe ko ta tsuke, magudanar takan soma mutuwa, kuma duk bututun da za a sa mata faci ne a kan ruɓaɓɓen zane. Idan Dofla ya nuna shakka, a yi hoton CT na jijiyoyin jini, a kuma sanar da likitocin dashe nan take.

Daga nan sai MRCP, wato hoton maganaɗisu na magudanar maɗaciya. Ba a zura komai a jiki, kuma yana nuna wurin tsukewar, tsawonta, da ko guda ce ko da yawa, abin da zai zame wa likita taswira ranar aiki.

Gargaɗi: sikanin na yau da kullum da ya ce magudana ba ta kumbura ba bai wanke ta ba. Magudanar hantar dashe ba ta cika buɗewa ba ko da a toshe take, kuma an sha mayar da mutane gida bisa wannan kuskure. Gargaɗi na biyu: idan MRCP bai nuna toshewa ba amma jini na ci gaba da lalacewa, a tuna cewa jiki na iya yin bore ga hantar, ko ƙwayar cutar CMV ta motsa, ko ciwon hantar farko ya dawo. Abin da ake bukata a nan ɗiban ɗan naman hanta ne da allura, ba ERCP ba. ERCP aiki ne mai haɗari, ba a yinsa don leƙe kawai.

Mataki na 4: Shirin ranar aiki

Mara lafiya zai daina cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin aikin, amma zai sha takrolimus ɗinsa a kan lokaci da ɗan kurɓin ruwa. Tsallake shi saboda an ce kada a ci komai kuskure ne da ake yawan yi. Mai ciwon sukari, kuma da yawa sukan kamu da shi bayan dashe, a daidaita masa insulin tun daren da ya gabaci aikin.

Ana so filatilet ya haura 50,000, INR kuma ya kasance ƙasa da 1.5, domin akwai yanka a aikin. Asfirin da aka ba shi don tsare jijiyar hanta galibi ba a dakatar da shi. Kilofidogirel da sauran magungunan tsinka jini su ake dakatarwa na wasu kwanaki, kuma likita ne zai faɗi ranar, ba mara lafiya ba.

Ana ba mai dashen hanta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya kafin a fara, ko da babu zazzaɓi, saboda garkuwarsa a danne take. A kula da zaɓin maganin: kilaritromaisin da eritromaisin da fulukonazol suna ɗaga takrolimus har ya cutar da ƙoda, rifamfisin na maganin tarin fuka kuma yana zubar da shi har jiki ya yi wa hantar bore.

Domin kare fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin, wadda magudanarta ke buɗewa wuri ɗaya da ta maɗaciya) daga kumburi, wanda shi ne haɗarin da ya fi yawa a ERCP, akan cusa indometasin ko dikilofenak miligiram 100 ta dubura gab da farawa. Amma a nan sai an duba ƙoda tukuna, domin masu shan takrolimus da yawa ƙodarsu ta riga ta raunana. Idan kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya hau, a bar wannan magani, a dogara ga ƙarin ruwa na Ringa, da ɗan sitent, wato siririn bututu, a magudanar fankiriyas idan wayar ja-gaba ta na'urar ta shiga can.

Akwai tambayar da iyali ke jin nauyin yi, alhali haƙƙinsu ce: yaya ake wanke na'urar? A bakinta akwai wani ɗan maɗaukaki mai lungu da ke riƙe ƙwayoyin cuta, har ta kai hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2015 bayan ɓarkewar cututtuka masu bijire wa magani a wasu asibitoci. A kuma tambaya ko likitan ya saba da masu dashen hanta, domin cire tsakuwa daga magudanar lafiyayyen mutum daban, ratsa lanƙwasasshen mahaɗi daban.

Mataki na 5: Shiga magudana da ɗaukar hoto

Ana kwantar da mara lafiya rub da ciki ko a karkace ta hagu a kan teburin eksire, a yi masa allurar barci, a sa masa abin kare haƙora. Likita zai zura na'urar, wadda idonta ke kallon gefe, ta maƙogwaro zuwa tumbi, zuwa farkon hanji, har ya fuskanci ɗan tsiron da magudanar maɗaciya ke buɗewa a kansa. Ta cikin na'urar yake turo siririn bututu mai ɗauke da silin waya ja-gaba, mai kaurin inci 0.035 ko 0.025, ya lallaɓa ta cikin magudana. Sannan ya ɗan yanka bakin da wutar lantarki domin kayan aiki su samu hanya, ya tura ruwan rini, hoton magudanar ya bayyana a allo.

A nan ne ake ganin ainihin lamarin. Tsukewar mahaɗi takan fito kamar ƙugun kalangu, faɗi a sama, faɗi a ƙasa, tsakiya a shaƙe. Yoyo kuwa rinin ne za a ga ya fice daga layinsa ya taru gefe kamar tawada a kan takarda. Idan hoton bai fito sosai ba, akan hura ɗan balan-balan a ƙasa a tura rinin da ƙarfi domin ya cika rassan da ke cikin hanta.

Gargaɗi: ba kowane bambancin faɗi ne tsukewa ba. Magudanar mai bayarwa da ta mai karɓa ba lallai su zo daidai ba, kuma idan rini na sauka da sauƙi, balan-balan a hure yana wucewa ba tare da tirjiya ba, babu abin da za a buɗe. Haka nan kada a cika rassan da rini idan ba a da tabbacin za a iya zubar da shi, domin rinin da ya maƙale sama da toshewa shi ke haddasa zazzaɓi mai tsanani bayan aiki.

Mataki na 6: Buɗe tsukewar mahaɗi

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma ita ta fi amsa magani. Aiki mafi wuya shi ne wayar ta ratsa ƙugun nan. Wani lokaci minti biyu ne, wani lokaci likita zai shafe rabin awa yana juya waya, yana canza ta da mai santsi ko mai lanƙwasasshen kai, musamman ga wanda aka dasa wa ɓangaren dama na hanta. Da zarar ta wuce, ba a sake ta har a gama.

A kan wayar ake tura balan-balan mai faɗin milimita 4 zuwa 10, gwargwadon faɗin magudanar da ke sama da ƙasa, a hura shi a daidai tsukewar. A allo za a ga ƙugun ya bayyana a jikin balan-balan ɗin, sannan a hankali ya miƙe. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin ya san yadda kowa ke yin shiru a wannan minti.

Gargaɗi: a makonni huɗu na farko bayan dashe ba a hura babban balan-balan a mahaɗi, domin ɗinkin bai kama ba, yana iya yagewa. Tsukewar wannan lokaci galibi kumburi ne, sitent guda siriri ya wadatar, kuma takan warke da wuri.

Buɗewa da balan-balan kaɗai ba ta ɗorewa, tabon yakan sake matsewa. Shi ya sa ake barin sitent, wato ɗan bututun da zai tokare wurin har tabo ya warke a buɗe. Ana auna kaurinsa da ma'aunin Faransa, inda 10 ke daidai da milimita 3.3. Tsarin da aka fi bi, wanda likitocin Roma ƙarƙashin Guido Costamagna suka yaɗa tun 2001, shi ne a jera sitent na roba gefe da gefe iya yawan da magudanar za ta ɗauka, a dawo duk bayan wata uku a cire su, a sake buɗewa, a sa sababbi fiye da na baya. A zaman farko wataƙila guda ɗaya ko biyu ne za su shiga, a na uku kuwa a samu huɗu ko biyar. Ana ci gaba da haka har kimanin shekara guda, abin da ke nufin ERCP huɗu ko biyar. Ga wanda aka dasa wa cikakkiyar hanta, kimanin takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa ta wannan hanya. Ga mai ɓangaren hanta daga mai rai nasarar ta ɗan yi ƙasa, zaman kuma yakan fi yawa.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne a tsaya a rabin hanya. Bayan zaman farko ido ya washe, ƙaiƙayi ya tafi, mutum ya koma kasuwa, sai iyali su ga babu dalilin sake kashe kuɗi. Sitent ne ke riƙe da hanyar, tabon bai warke ba tukuna.

Mataki na 7: Roba ko ƙarfe, da lissafin kuɗi

Akwai zaɓi na biyu, wato sitent na ragar ƙarfe mai buɗe kansa, wanda aka lulluɓe shi baki ɗaya da leda. Faɗinsa milimita 8 zuwa 10 ne, ya kai na roba da dama a haɗe, ana sa shi sau ɗaya a cire bayan kimanin wata shida. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin leƙa ciki da na'ura ta Turai na 2018 sun amince da hanyoyin biyu. Aibinsa shi ne yakan zame daga wurinsa, kuma idan mahaɗin yana kusa da inda rassa suka rabu, ledar na iya toshe bakin wani reshe. Saboda haka bai cika dacewa da masu ɓangaren hanta ba, sai dai gajeren nau'in da ke zama cikin magudana da dogon zaren janyewa, wanda aka fi sani da sunan likitan Ostareliya Arthur Kaffes.

Gargaɗi mai nauyi: kada a taɓa yarda a sa sitent na ƙarfe marar lulluɓi. Wannan na masu ciwon daji ne, nama yana tsirowa ta cikin ragarsa, ba ya ciruwa, kuma yana iya lalata damar gyara da tiyata nan gaba. A tambaya a fili, a kuma ga an rubuta nau'in a rahoto.

Wajen kuɗi, kada a kwatanta farashin sitent da sitent. Na ƙarfe guda ya ninka na roba sau da yawa, amma zama biyu yake bukata, na roba kuwa huɗu ko biyar, kuma kowane zama yana tafe da kuɗin ɗakin aiki, likitan barci, waya da balan-balan da abin yanka waɗanda ba a maimaita su, gwajin jini, da kwanan asibiti. Ga wanda zai taso daga Kano ko Maraɗi zuwa wani gari ko wata ƙasa, a ƙara tikitin mutum biyu, biza da masauki a kowace tafiya. A nemi asibiti ya rubuta kiyasin shekara gaba ɗaya, ba na zama ɗaya ba, a kuma gaya wa likita gaskiyar nisan gida da ƙarfin aljihu tun farko. A ganina, idan siffar magudanar ta ba da dama, nisan gida hujja ce mai ƙarfi ta zaɓar na ƙarfe, domin tsarin da mutum zai iya kammalawa ya fi wanda zai yanke a tsakiya.

Mataki na 8: Idan yoyo ne

Yoyo yakan zo da wuri, a makonnin farko, daga mahaɗi, ko daga fuskar hantar da aka yanka, ko daga ramin da aka zare bututun T, wato ɗan bututun da akan bari a magudana lokacin tiyata. Alamarsa ruwa mai launin kore ko ruwan ɗorawa a robar da ke fitar da ruwa daga ciki, ko kumburin ciki da zazzaɓi.

Hikimar maganin mai sauƙi ce: ruwa yana bin inda ya fi gangara. Idan aka yanka bakin magudana aka sa sitent na roba, maɗaciya za ta gwammace ta sauka hanji, ramin ya bushe ya rufe da kansa. Idan yoyon a mahaɗi yake, ana so sitent ɗin ya haye shi. Ga sauran mutane mako huɗu zuwa shida ya isa, amma mai dashe yana shan magungunan da ke jinkirta warkewar rauni, don haka akan bar shi wata biyu zuwa uku. Ruwan da ya riga ya taru a ciki ERCP ba ya kwashe shi, sai an soka bututu ta fata a ƙarƙashin sikanin.

Gargaɗi: yoyon da ya zo tare da toshewar jijiyar jini, ko mahaɗin da ya rabu sosai har ciki ya ɗauki ruwa ya ƙage, na likitan tiyata ne. Kuma wurin da ya yi yoyo yakan tsuke daga baya, don haka ranar cire sitent a duba mahaɗin da kyau.

Mataki na 9: Laka, tsakuwa da tsukewar cikin hanta

Laka da tsakuwa sukan taru sama da tsukewa, ana share su da balan-balan ko da ɗan kwandon waya bayan an buɗe hanyar. Cire su ba tare da gyara tsukewar ba aikin banza ne, za su dawo. Akwai kuma wani daskararren abu baƙi da ke ɗaukar siffar magudanar har da rassanta, idan aka jawo shi sai ka ce saiwar bishiya. Ganinsa alama ce cewa bangon magudanar ya rasa jini a wani lokaci.

Wannan ya kai mu ga nau'in da ya fi wuya, wato tsukewa a wurare da yawa a cikin hanta, nesa da ɗinki. Sababinta ƙarancin jini ne: toshewar jijiya, daɗewar hanta a ƙanƙara kafin dashe, ko rashin dacewar rukunin jini. Ana buɗe manyan rassan da ƙaramin balan-balan na milimita 4 zuwa 6, a share, a sa sitent inda zai yiwu, amma na'ura ba ta isa ƙananan rassa, sitent kuma yana saurin cushewa. Ya kamata a gaya wa iyali gaskiya: a nan ERCP sau da yawa rage wahala yake yi da sayen lokaci, kuma wani kaso mai yawa na waɗannan marasa lafiya sukan bukaci sabon dashe.

Mataki na 10: Awa 24 bayan aiki

Ana sa ido a kan zafin jiki, bugun zuciya da ciki. Idan babu ciwo bayan wasu awanni, a fara da ruwa, sannan kunu marar mai. Ɗan ciwon maƙogwaro da kumburin iska ba abin damuwa ba ne. Abubuwa huɗu ne ke sa a kira likita ko da tsakar dare: ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa baya tare da amai, wanda ke nuna kumburin fankiriyas, zazzaɓi da rawar ɗari, baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, da cikin da ya ƙage ba ya taɓuwa. Zubar jini daga wurin yanka na iya jinkirtawa har mako guda ko fiye, saboda haka wanda ya zo daga nesa kada ya hau jirgi ko mota washegari. Kafin a bar asibiti a karɓi rahoto mai ɗauke da adadin sitent, nau'insu, kaurinsu, da ranar da za a dawo.

Mataki na 11: Idan waya ta ƙi wucewa

Wannan ba ƙarshen hanya ba ne. Ana iya sake gwadawa bayan 'yan kwanaki, ko a zura wata 'yar ƙaramar kyamara, irin SpyGlass, cikin magudanar domin a ga ramin da ido. Idan hakan bai yiwu ba, likitan eksire zai soka allura ta fata zuwa reshen da ke cikin hanta, ya turo waya daga sama, mai na'ura ya cafke ta daga ƙasa, ko kuma a bar bututu yana zubar da maɗaciya cikin jaka na ɗan lokaci. A wasu cibiyoyi na Japan da Koriya ta Kudu, idan mahaɗi ya rufe ruf, akan sa maganaɗisu biyu sama da ƙasa su matse tabon har su huda sabuwar hanya. Idan duk waɗannan sun gaza, ko tsukewar ta ƙi warkewa bayan cikakken tsari, sai tiyata, a mayar da haɗin zuwa Roux-en-Y.

Mataki na 12: Ranar canji da ranar cirewa

Sitent na roba yana cushewa da laka da ƙwayoyin cuta cikin kimanin wata uku, in an fitar da shi za a ga bakinsa a toshe da wani abu kamar taɓon rafi. Wanda aka manta da shi shekara yakan zama tushen tsakuwa da zazzaɓi mai shiga jini. Ƙa'idojin Turai da aka ambata sun nemi asibitoci su riƙe rajistar kiran marasa lafiya saboda wannan, amma wanda ya koma wata ƙasa bai kamata ya dogara ga kiran waya ba. A rubuta ranar a kalanda, a sa ta a wayar mutum biyu, a fara neman biza da kuɗi wata guda kafin ta zo. Idan ranar za ta faɗo cikin azumi ko lokacin aikin Hajji, a matso da ita kafin lokacin, kada a jinkirta ta.

A zaman ƙarshe likita zai cire duka, ya tura rini, ya ja balan-balan a hure ta cikin mahaɗin. Idan ƙugun ya ɓace, rini kuma ya sauka da kansa, ba a mayar da komai. Daga nan ana gwajin aikin hanta bayan mako biyu, sannan wata-wata a farkon lokaci, a riƙa tazarar da shi yadda likitocin dashe suka tsara. Tsukewar takan dawo wa mutum ɗaya ko biyu cikin goma, galibi a shekarar farko, kuma ALP da GGT ne ke fara hawa tun kafin ido ya sauya. Idan hakan ta faru a koma Mataki na 3, Dofla sannan MRCP, domin tsukewar da ta dawo mafi yawanci tana sake amsa balan-balan da sitent kamar karon farko.